Yadda ƙaramin ampili mai cin wuta kaɗan ke ture manyan rediyoyin falo a Tasawa da Mayahi

A garin Tasawa, idan aka idar da sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, sautin da ke tashi daga ɗakuna da fadojin samari bai sauya sosai daga na shekarun baya ba. Karatun Alƙur'ani ne, ko kalangun Mamman Shata, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ko waƙoƙin finafinan Kano, ko kuma muryar mai sharhin kokowa idan lokacin gasar takobi ya zagayo. Abin da ya sauya shi ne akwatin da ke tura wannan sauti cikin sifika.

A da, mai son jin kiɗa da kyau yana sayen babban ampili, kamar yadda ake kiran na'urar ƙara sauti a Nijar, irin na Pioneer ko Sony ko Kenwood ko Technics. Yawanci na hannu ne da ya gama aiki a Turai, mai nauyin da sai an sa hannu biyu a ɗaga shi. Yau a gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, abin da ke ƙara yawa a kan teburan falo ɗan akwati ne da bai wuce sabulun wanki girma ba, wani lokaci ma allo ne tsirara da aka ɗaure da waya a jikin katako. Ana haɗa shi da batir kai tsaye, a tura masa waƙa daga wayar salula ta Bluetooth ko a soka masa katin ajiya, ya yi ta aiki har dare ya raba ba tare da ya yi zafin da zai hana a taɓa shi ba. Injiniyoyi na kiran wannan nau'i ampili ajin D.

A Turai da Amurka an shafe shekaru ana gardama a mujallun masu sha'awar sauti kan ko ajin D ya kai tsofaffin nau'o'i daɗin ji. A nan batir ne ya yanke hukunci tun kafin kunne ya faɗi ra'ayinsa.

Lissafin batir

Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, kuma a karkara adadin ya yi ƙasa da haka nesa. Yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogaro da layin wuta da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar a farkon watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin ECOWAS, har gidajen da ke da mitar NIGELEC sun ɗanɗani abin da ƙauyukan Urafan da Maijirgi da Kanambakashe suka saba da shi. Sai a watan Maris na 2024 aka dawo da wutar. A tsakanin nan, wanda ke da hali ya nemi faifan sola da batir, wanda ya riga ya mallaka kuma ya koyi ƙirga abin da kowace na'ura ke sha.

Ga yadda lissafin yake. Batir mai bolt 12 da amfiya 40 yana ɗauke da abin da ya kai wat 480 na awa guda. Idan irin na dalma ne, wanda shi ne ya fi yawa a kasuwa, bai kamata a zuƙe fiye da rabinsa ba in ana so ya yi ƙarko, wato wat 240 ke nan ake da su na dare ɗaya. Daga ciki za a kunna fitilu, a yi cajin wayoyi, a juya fanka a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura maki 40. Tsohon ampilin falo ba ya aiki da bolt 12, sai an sa inbata ta mayar da wutar batir zuwa bolt 220, shi kuma turansifomar cikinsa ta sake sauko da ita. Kowane mataki na cin rabonsa. A ɗauka inbata da ampilin tare suna shan wat 50, abin da ba baƙo ba ne ga irin waɗannan na'urori ko da ba a ƙure murya ba: sauraron awa 4 ya cinye wat 200, saura 40 ga dukan gidan. Ƙaramin allon ajin D da ke aiki kai tsaye daga batir, a muryar da ta ishi ɗaki, yana iya tsayawa a wajen wat 5. Awa 4 ɗin nan wat 20 ne kacal.

Wannan ne ya sa magidanci da ya ajiye tsohon Pioneer ɗinsa bai cika kawo maganar daɗin sauti a farko ba. Abin da yake fara ambata shi ne fitilar ɗakin uwargida ta daina mutuwa da ƙarfe goma na dare, kuma batirin da a da ke lalacewa cikin ɗan lokaci saboda yawan zuƙewa yanzu yana daɗewa.

Sirrin yana cikin yadda taransistocin ke aiki. A tsohon tsari, wanda ake kira ajin AB, taransisto kamar mutum ne da ya riƙe bakin famfo a rabin buɗe, yana sassautawa yana matsewa daidai da hawa da saukar sauti. Ƙarfin da ya tare bai bari ya wuce ba, zafi yake zama, shi ya sa bayan irin waɗannan na'urori ke da babban ƙarfen alminiyam mai haƙora. Ko a lissafin takarda, wannan tsari ba ya wuce kashi 78.5 cikin ɗari na amfani da wutar da ya sha, kuma da waƙa ta gaske a muryar ɗaki yana faɗowa ƙasa da rabi. A ajin D kuwa taransisto ko dai a buɗe yake gaba ɗaya ko a rufe ruf, yana yin haka sau dubu ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Tsawon lokacin da yake buɗe a kowane bugu shi ke bin siffar sautin. A ƙarshe sai naɗin waya da kondansa su yi aikin rariya, su tace saurin bugun su bar waƙar ta wuce zuwa sifika. Da yake famfon ba ya tsayawa a rabi, asarar kaɗan ce, ana samun kashi 90 ko fiye idan na'urar na aiki da ƙarfinta.

Harafin D, a nan, jerin haruffa ne kawai bayan A da B da C. Masu shaguna kan ce wa mai saye na'urar "dijital" ce, amma sunan bai fito daga nan ba.

Fasahar ta girmi yawancin masu amfani da ita. Ana danganta ta da injiniyan Birtaniya Alec Reeves a shekarun 1950. Kamfanin Sinclair ya fitar da ƙaramin samfurin X-10 a 1964, bai yi armashi ba domin taransistocin zamanin ba su da saurin da ake buƙata. Sai a shekarun 1990 kamfanin Tripath na Amurka ya fito da ƙananan ƙwayoyin lantarki da suka ba masu sauraro mamaki, kafin ya karye a 2007. Ƙwayar da ta fi yawo a kan alluna masu araha a yau ita ce TPA3116D2 ta kamfanin Texas Instruments, sai ƙanwarta a aiki, PAM8403, mai wat 3 a kowane ɓangare, wadda ke cikin ƙananan akwatunan da ake caji da wayar USB. Daga masana'antun Chaina ake harhaɗa su, su iso kasuwannin Legas da Kano, su biyo ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, daga nan 'yan tireda da masu bin kasuwannin mako su watsa su cikin ƙauyuka.

Wat ɗin kwali da wat ɗin gaskiya

Koken farko da masu waɗannan na'urori ke yi shi ne na rubutun jikin kwali. Mutum ya sayi akwati an rubuta masa wat 500 ko 1000, ya kai gida ya haɗa da batir, ya murɗa murya zuwa rabi sai ya ji ganga ta fara tsagewa, muryar mawaƙi ta koma kamar ana yayyaga takarda. Ya koma shago a ce masa sifikarsa ce ba ta da kyau.

Sau da yawa sifikar lafiyarta ƙalau. Bolt 12 yana da iyakar da ba a tsallakewa. Ampilin da ke aiki da wannan wuta kai tsaye, ba tare da wani sashe da ke ɗaga ta a ciki ba, ba zai iya bai wa sifika mai om 4 fiye da wat 18 na tsaftataccen sauti ba, mai om 8 kuma wat 9. Wannan lissafi ne na lantarki, babu alamar kamfanin da ke canza shi. Ita kanta TPA3116D2, wat 50 sau biyu da masu ƙera ta suka rubuta, sun rubuta shi ne a kan bolt 21 da sifika mai om 4. Akwai ma hanya mafi sauƙi ta gane ƙarya: idan cajar da ta zo da na'urar ta ce bolt 12, amfiya 5, to wat 60 ne iyakar abin da ke shiga, kuma ba a fitar da abin da ya fi wanda ya shiga.

Abin da ke rage zafin wannan yaudara shi ne wat 18 ɗin sun wadatar. A ɗaki mai faɗin mita 4, sifika mai kyau na cika kunne da wat 1 ko 2. Kunnen ɗan Adam na buƙatar a ninka ƙarfi kusan sau goma kafin ya ji murya ta ninka sau biyu, don haka tazarar wat 18 da wat 50 ba ta kai yadda lambobin ke nunawa ba. Inda bambanci yake da gaske shi ne a sifikar. Manyan tsofaffin akwatunan katako na shekarun 1970 da 1980 galibi sun fi ƙananan na roba saurin amsawa, har wata na iya ba da muryar da wata sai ta sha ninki huɗu na wuta kafin ta kai. Saboda haka waɗanda suka fi jin daɗin sauyin su ne waɗanda suka ajiye tsohon ampili amma suka riƙe tsofaffin sifikunsa. Wanda ya sayar da duka ya sayi sabon saiti mai walƙiyar fitilu shuɗi da ja, shi ne yawanci ke cewa kayan zamani ba su da nauyin murya.

Masu neman ƙarin ƙarfi, kamar masu kiɗan biki da masu gidajen kallon ƙwallo, sun gano dabarar tsohuwar cajar kwamfutar hannu mai bolt 19, wadda ke ninka ƙarfin allon fiye da sau biyu. Wasu kuma kan jera batir biyu su sami bolt 24. A nan ne ake yawan yin asara. Batir biyu da rana ke caji da tsakar rana suna haura bolt 28, alhali iyakar da aka shata wa ƙwayar bolt 26 ce, kuma kondansocin da ke kan alluna masu araha sau da yawa na bolt 25 ne. Na'urar da ta yi aiki lafiya da dare sai ta fashe da azahar, mai ita ya rasa dalili.

Sauran hanyoyin mutuwarta ba su da yawa, kuma kusan duk na hannu ne. Juya wayar batir, ja a wurin baƙi, na kashe allon da ba shi da kariya nan take. Haka ma haɗa baƙaƙen wayoyin sifikar hagu da ta dama wuri guda, abin da aka saba yi a tsofaffin na'urori ba tare da matsala ba. A irin wannan allo kowace waya daga cikin huɗun tana ɗauke da wuta, babu wadda take ƙasa.

Rediyon baba ya fara shiii

Akwai wata ɓarna da ba a rubuta ta a kwali, kuma ba mai na'urar take fara samu ba. Saurin buɗewa da rufewar nan, wanda a TPA3116D2 ke tsakanin sau dubu 400 zuwa miliyan 1.2 a daƙiƙa, ya faɗa cikin yankin da tashoshin rediyo na matsakaicin zango ke watsa shirye-shirye, kuma 'ya'yan bugun na hawa har cikin gajeren zango. Doguwar wayar sifika da aka ja daga ɗaki zuwa zaure sai ta zama eriya, tana watsa ƙara. Dattijon da ke gefe da ƙaramin rediyonsa yana neman Rediyon Tarayya na Kaduna, ko sashen Hausa na wata tashar waje, sai ya ji shiii da ƙugi sun rufe muryar mai karanta labarai. Da yaro ya kashe kiɗansa, tasha ta dawo.

A yankin da rediyo ke da matsayin da yake da shi a ƙasar Hausa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumomin Nijar sun dakatar da RFI a watan Agustan 2023, suka kuma dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Duk lokacin da aka rufe wata kafa a zangon FM, masu sauraro a ƙauye kan koma laluben gajeren zango, wanda shi ne ya fi saurin kamuwa da irin wannan ƙara. Adalci dai shi ne a ce ampili ba shi kaɗai ke da laifi ba: fitilun LED masu araha, cajojin waya da inbata duk suna yin irin wannan ta'adi, kuma gidan sola ya tara su duka.

Masu ƙera ƙwayar sun san da matsalar, har sun tanadi hanyar sauya saurin bugun don a kauce wa tashar da ake saurare. Masu harhaɗa alluna masu araha ne ke tsuke hannu, su rage naɗin wayar da ke tacewa ko su sa ƙanana da ba su isa ba. Maganin da ke hannun mai gida shi ne ya zaɓi allon da ake ganin naɗaɗɗun wayoyi huɗu a jikinsa kusa da inda sifika ke shiga, ya gajarta wayar sifika ya murɗe ta kamar igiya, ya sa allon cikin akwatin ƙarfe, sannan a matsar da rediyon nesa a bar shi a kan batirinsa na tocila.

Game da daɗin sauti kuwa, ra'ayi ya rabu kusan bisa shekaru. Manya da suka saba da kaset suna cewa sabon yana da kaifi, tsohon ya fi kauri da taushi, musamman a kiɗan kotso na Musa Ɗanƙwairo ko goge. Ba duka zancen ba ne son tsohon abu. Rariyar da ke bakin allon an auna ta ne da wani nauyin sifika, in aka haɗa ta da wadda ba ita ba, siririn sauti na iya ƙaruwa ko ya dushe. Alluna da yawa kuma an saita su da ƙarin murya fiye da kima, shi ya sa ake jin siririn huci idan waƙa ta tsaya, da ɗan "ɗum" lokacin kunnawa. Sannan tsofaffin na'urori na da maɓallin da ke ƙara kaurin ganga idan murya na ƙasa, wanda kunnuwa suka saba da shi shekara da shekaru. Amma laifin na arahar ƙira ne. A can sama, injiniya ɗan Beljiyam Bruno Putzeys ya ƙera da'irorin ajin D na kamfanonin Hypex da Purifi waɗanda ake sakawa cikin na'urori masu tsadar gaske, irin su NAD M33, kuma awon da ake musu ya zarce na yawancin tsofaffin nau'o'i. Irin waɗannan ba sa zuwa kasuwar Mayahi, kuma da wuya su zo.

Wanda sauyin ya fi taɓa wa aljihu shi ne mai gyaran rediyo. Tsohon ampili abokin sana'arsa ne: taransisto irin 2SC5200 ya ƙone, ya cire da ƙarfen narka dalma ya sa wani, kondansa ta kumbura, ya canza, ya karɓi ladan aikinsa, na'urar ta sake shekaru. A sabon allo kusan komai yana cikin ƙwaya ɗaya mai ƙafafu 32 sirara da aka manne a fuskar allon, cire ta sai da na'urar hura iska mai zafi irin ta masu gyaran salula. Ko an cire, kuɗin ƙwayar da na aikin sun kusa kuɗin sabon allo. Ga kuma jabu: akan sami allon da aka rubuta wa TPA3116D2, in aka ɓamɓare ƙarfen sanyayawar da aka liƙa a kai sai a tarar da wata ƙwaya daban, ko wadda aka goge wa suna. Mai saye ba shi da hanyar ganewa a shago. Abin da ya lalace kuma yana ƙarewa ne a bola, inda yara ke tsinta.

Zafi da ƙura ma ba su bar sabon ba duk da ba ya zafi da kansa. Ƙa'idar da masu lantarki ke bi ita ce duk ƙarin maki 10 na zafi yana rage rabin rayuwar kondansa mai ruwa a ciki. Ɗakin kwano a Tasawa cikin watan Afrilu gwaji ne mai tsanani ga kondansa mai araha, ƙurar hunturu kuma na shiga maɓallin murya ta sa shi ƙarar ƙaiƙayi. Waɗannan biyun, aƙalla, gyararru ne, kuma su ne ɗan abin da ya rage wa mai gyara a jikin allon.

Wasu masu gyaran sun samo wa kansu wata hanyar. Maimakon su jira a kawo gyara, sai su karɓi mataccen Kenwood ko Sony da aka jingine, su kwashe kayan cikinsa, su dasa allon ajin D a cikin akwatin ƙarfen. Su sa masa fis da diyod mai hana ɓarnar juya waya, su canza kondansocin zuwa masu jure bolt 35, su fito da wayoyi biyu masu kauri na batir ta baya, su bar manyan maɓallan gaba yadda suke. Akwatin ƙarfen na rage ƙarar da ke damun rediyo, nauyinsa na hana yara jan shi ƙasa, mai gida kuma ya ci gaba da ganin na'urar da ya saba gani a falonsa. Turansifomar da aka cire ba a yar da ita: tagullar cikinta na da masu saye a kilo, wani lokaci kuma a sake naɗa ta a yi cajar batir da ita.